Ruwan Randa A Unguwar Hashimi

Matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufi Abuja, ba zai isa gindin Dutsen Zuma ba sai ya ratsa ƙasar Suleja. Galibi wucewa ake yi ba waiwaye. Ni kuwa da na yada zango a unguwar Hashimi, na sami abin da ya kamata in labarta wa masu karatu.

Da rana tsaka na sauka, ƙishirwa ta addabe ni. Na sayi kunun aya a gorar roba a bakin hanya, na kurɓa sau ɗaya na ajiye, gama ya sha rana har warin robar ya rinjayi zaƙin ayar. Da na isa masauki, maigidan ya sa aka ɗebo mini ruwa a randa. Sanyinsa daidai, ba ya kashe haƙori, ga kuma ɗan ƙanshin ƙasa irin na yayyafin farko.

Ba abin mamaki ba ne a sami randa ta ƙwarai a nan. Wannan gari shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja ya kafa a 1828. Bayan da aka zaɓi mazaunin babban birnin tarayya a 1976, sai birnin ya ɗauki sunan, garin kuma ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Tun fil azal matan Gwari na wannan yanki sun shahara wajen ginin tukwane. A nan ne Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Ita ce wadda hotonta ke bayan takardar naira 20.

To, ina asirin randa? Tukunyar gargajiya a fili ake gasa ta da itace da ciyawa, saboda haka jikinta na da ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Tulunan da aka gasa da wuta mai tsanani a makarantar Cardew, aka yi musu shafe mai ƙyalli, sun yi kyau har sun kai Landan, amma ba sa tsattsafo, don haka suka zama kayan ado.

Turawa ma sun san mazubi na sauya ɗanɗano. Masu yin farar giyar inabi a Faransa, wasu kan ajiye ta a gangar katako ta ɗauki ƙanshin icen, wasu kuwa a tankin ƙarfe don tsamin inabin ya fito tsantsa, su haɗa ta da kifi. Mu namu abin sha ba ya sa maye, amma hikimar ɗaya ce.

Matan gidan sun nuna mini haka a aikace. Da safe kunun tsamiya suka haɗa mini da ƙosai, tsamin ya yanke maiƙon. Da azahar fura da nono a ƙwarya, wadda ba ta neman abokin tafiya. Da la'asar zoɓo mai citta da kanumfari, wanda aka sanyaya a tulu, aka kawo tare da tsire. Da dare kuwa, bayan sakwara da miyar agushi, ba abin da ya zauna kamar moɗar ruwan randa.

Abin damuwa shi ne robobi da firji sun kori randa daga gidaje da dama, alhali firji ba shi da amfani ran da aka ɗauke wuta. Idan masu saye suka ƙare, maginan ma za su watsar da sana'ar, 'ya'yansu kuma ba za su gada ba.

Saboda haka, mai karatu, in Allah ya kai ka Suleja, ka tsaya ka sayi randa ko da ƙarama ce. Ka jiƙa ta, ka ɗauraye, ka girke ta a inuwa bisa yashi mai laima, ka rufe da faifai. Harshenka zai ba ka sauran labari.