Gonar da Irmiya Ya Saya

Abin da ya fi damun 'ya'yanmu na yanzu shi ne suna son Allah ya nuna musu ƙarshen hanya kafin su ɗaga ƙafa. Ban ga laifinsu ba. Yaron da ya tashi ya tarar ana kwashe mutane daga gona, ana ɗora wa ƙauye haraji kafin a bar shi ya girbe abin da ya noma, dole ya nemi tabbaci. Sai dai ni da na tsufa a ƙasar Kebbe, tsakanin Fakku da Kuci da Tambuwal, ina Kirista a inda gidajenmu ba su da yawa, ban taɓa samun wannan tabbaci ba, ban kuma ga wanda ya same shi ba. Abin da ake ba ni kowace safiya aikin ranar ne. Shi kam bai taɓa ɓoye mini ba.

Asalina ƙasar Zuru ne. Aikin asibiti ya kawo ni nan tun jihar Sakkwato tana ɗaya, daga Illela har Yawuri. A 1991 gwamnatin Janar Babangida ta yanke jihar Kebbi, na kwana ɗan jiha na tashi baƙo. Abokan aiki 'yan wajenmu suka ɗaure kaya suka nufi Birnin Kebbi. Ni da uwargida muka duƙufa da addu'a, muna jiran mafarki ko wata alama. Shiru. Sai dai kullum gari ya waye akwai mata a ƙofar gida da yara a goye, wannan zazzaɓi, wancan gudawa. Ita ce ta gaji ta ce, "Maigida, kana jiran Allah ya yi magana, ga mutane yana ta turo maka." Muka zauna. Daga baya na ajiye aikin gwamnati, na buɗe ɗan kemis, mai gari ya ba ni aron gona. Ba zan ce mun fi waɗanda suka tafi dabara ba. Cikinsu akwai waɗanda suka samu girma, suka gina gidajen siminti, suna kuma tsoron Allah fiye da ni.

Masu wa'azi sun cika ba da tarihin zuwan bishara ƙasar nan kamar labarin cin yaƙi. A zauna a duba shi da kyau. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar Hausa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent a Bida, ba tare da sun kafa ko rumfar sujada ba. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 mishan ɗinsu, wato SIM, ta samu wurin zama a Patigi. Ikilisiyar ECWA da ta fito daga wannan aiki an kafa ta a 1954, shekara 60 bayan an binne Gowans. Ranar da yake kwance a Girku bai san da wata ECWA ba. Iyakar abin da ya sani an ce masa ya tafi, ya kuma tafi.

Da yake ni ma'aikacin lafiya ne, labarin Amanawa ya fi taɓa ni. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ta karɓi kula da masu cutar kuturta a can, kusa da Sakkwato, bisa yarjejeniya da En'e. Maganin da ake da shi a lokacin wani mai ne da ake yi wa mutum allurarsa, ga zafi, ga ƙarancin amfani. Ƙwayar dafson ba ta yaɗu ba sai wajen 1950, haɗin magungunan da ke warkar da cutar cikin watanni kuwa sai a shekarun 1980. To duk tsawon wancan lokaci akwai mutane, Turawa da 'yan ƙasa, da ke tashi da safe su wanke gyambo, su naɗe, gobe su sake. Ba wanda ya yi musu alkawarin magani yana tafe. Duk wanda ya taɓa wanke gyambon da ya daɗe ya san ba aikin da ake yi don a ji daɗi ba ne.

Ni ma na ɗanɗana irin nawa a bazarar 1996, shekarar sanƙarau. A Nijeriya sama da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka mutu, kusan duk a Arewa. Ana kawo yaro wuya ya sanƙare, ido ya juye, allura kuma ba ta isa kowa. Tsoron da na fi ji shi ne in kwaso cutar in kai wa 'ya'yana. Addu'ata a lokacin ba ta da tsawo, domin ba lokaci, kuma ban san me zan roƙa ba bayan a ba ni ƙarfin fita. Na fita. Wasu suka tashi, wasu muka wanke hannu muka yi wa iyayensu gaisuwa. Har yau ban san dalilin da ya sa wannan ya rayu wancan ya tafi ba, na kuma daina yarda da duk mai cewa ya sani.

Wani dattijo maƙwabcina, Musulmi, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini noma irin na nan. A wajenmu Zuru ruwa ya fi yawa, ban saba da binne ba. Ƙarshen bazara, ƙasa a bushe ƙamas, sama ba ko gajimare, sai na gan shi da sungumi yana sara, yara na biye suna zuba gero suna rufewa da ƙafa. Na ce, "Baba, in ruwan bai zo ba fa?" Ya ce, "Likita, in ya zo kana gida fa?" Binne yana da hatsari. In aka yi yayyafi aka ɗauke, iri ya tsira ya ƙone, sai an sake shuka. Shi ya sa dattijon ba ya taɓa zuba irinsa duka. Yakan ware na sake shuka ya ɗaure a rumbu, ko yunwa ta yi yaya ba a taɓa shi. Mutum ne da ya ga farin 1973 da na 1984, ya ga shanu suna faɗuwa a kan hanya. Dogara ga Allah da na gani wurinsa ke nan, na kuma same ta daidai da abin da Littafi Mai Tsarki ke koya mini: ka yi abin da ke wuyanka tun sama ba ta ce kome ba, amma kada ka jefar da hankalin da aka ba ka.

Ina jaddada wannan saboda wata koyarwa da ta shigo mana, wai wanda ya gudu daga ƙauyensa saboda 'yan bindiga ba shi da bangaskiya. Wanda ke faɗin haka galibi yana zaune ne a birni, gidansa da katanga. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri Yesu cikin dare ya gudu Masar, biyayya ce. An zuraro Manzo Bulus cikin kwando ta bayan ganuwar Dimashƙu, bai ce a bar shi ya nuna bangaskiya ba. Akwai iyalan da na ba su shawara da bakina su tashi, musamman masu 'yan mata, bayan sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021. Mu da muka zauna kuwa ba jarumtaka ta zaunar da mu ba. Kuma a faɗi gaskiya: a wannan yanki namu mai iyaka da Zamfara, yawancin waɗanda ake sacewa ana kashewa Musulmi ne, maƙwabtanmu, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su. In muka yi addu'a ranar Lahadi muka ambaci namu kawai, addu'ar ta gurgunce.

Biyayyar da ta fi mini wuya ba ta da alaƙa da tafiya ko zama. A ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista, Deborah Samuel, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan, Bishop Matthew Kukah ya yi kira a kwantar da hankali, Gwamna Aminu Tambuwal ya sa dokar hana fita a birni. Mu nan ƙauye muka rufe ƙofa, wayoyi suna ta ƙara, 'yan'uwa na nesa suna cewa mu taso. Abin da ya cika mini ciki a kwanakin nan ya fi tsoro muni. Ga kuma umarnin Ubangijinmu a fili, wanda ba ya bukatar wani annabi ya fassara, cewa mu ƙaunaci maƙiya mu yi musu addu'a. Ba a ce sai in an yi mana adalci tukuna ba, ba a kuma ce mu daina neman adalcin ba. Da magariba ɗan dattijon nan da ya koya mini binne ya zo ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana, shi da ƙannensa. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Baba Likita, zafi ya yi yawa a cikin gida, mun zo shan iska." Nan suka kwana. Da safe na buɗe kemis, wanda ya fara shigowa mutum ne da na ji irin maganganun da ya yi a kasuwa game da kisan. Ɗansa ne ba lafiya. Na auna masa magani daidai, na karɓi kuɗi daidai, na ce Allah ya ba yaro sauƙi. Hannuna yana rawa.

Saboda haka ba ni da haƙuri da masu sayar da tabbaci. Sun cika Facebook da wayoyin jikokinmu, wannan da kwalbar mai, wancan da ruwa, kowa ya ga wahayin cewa bana shekararka ce, in dai ka aiko da baiko. A farkon 2023, lokacin da aka canja takardun naira mutane suna kwana a bakin banki, ban ji ɗaya cikinsu da ya hango abin ba. Waɗanda suka riƙe ikilisiyarmu a watannin nan 'yan Zumuntar Mata ne. Kowace ta kawo tiyar dawa ko gero, aka tara, aka raba wa gwauraye da baƙin da suka gudo, ba a tambayi kowa addininsa ba.

Akwai tambayar da har yanzu mu dattawan ikilisiya ba mu daidaita a kanta ba: in 'yan bindiga suka ɗora wa gari haraji, Kirista ya sa nasa ko ya ƙi? Wani ya ce kuɗin harsashi ne da za a harbi wani gari da shi, gaskiyarsa. Wani ya ce in ka ƙi, maƙwabcinka ne zai biya naka ko a ƙone masa rumbu, shi ma gaskiyarsa. Ni ina ganin bai kamata mutum ya tsarkake hannunsa da ran maƙwabci ba, amma ba na faɗin haka da ƙarfin murya.

A irin waɗannan kwanaki nakan koma littafin Irmiya, sura 32. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabin kansa yana tsare a farfajiyar masu gadin fada, ya kuma riga ya shaida wa sarki Zadakiya birnin zai faɗi. Cikin wannan hali ɗan'uwansa Hanamel ya zo yana tallar gona a Anatot, Allah kuwa ya ce ya saya. Ya auna shekel 17 na azurfa, aka rubuta takarda, shaidu suka sa hannu, ya ba Baruk ya ce a sa cikin tukunyar ƙasa don ta daɗe. Bayan ya gama cinikin ne ya koma yana tambayar Allah ma'anar abin da aka sa shi yi. Wannan jerin yana burge ni: ya biya tukuna, sannan ya yi tambaya. Masu wa'azi kuma ba su cika ƙarasa labarin ba. Birnin ya faɗi, daga baya aka tafi da Irmiya Masar ba da son ransa ba, ba inda aka rubuta cewa ya ci amfanin gonar nan ko dami ɗaya.

Gonar da mai gari ya ba ni aro, magadansa sun zo bara suna neman sayarwa, kuɗi ya kama su. Tana wajen gari, ɓangaren da mutane suka fara jin tsoron zuwa da yamma. Babban ɗana da ke Kaduna ya kira ni ya ce, "Baba, wa ke sayen gona a Kebbe yanzu? Ku taho ku huta." Na ce masa maganarsa tana kan hanya, kuma in abin ya matsa za mu taho, ba za mu yi taurin kai ba. Amma na saya, domin in ban saya ba za su sayar da ita a wulaƙance ga wanda ba zai noma ba, wasu iyalai uku da suka gudo daga wajen Gummi kuma su rasa inda suke shuka. An rubuta takarda a gaban hakimi da shaidu, Musulmi biyu, Kirista ɗaya. Na kai Tambuwal an yi mata hoto, na aika wa ɗana kwafi, ta asalin tana cikin akwatin uwargida. Bana gero da wake muka sa a rabin da ke kusa da gari. Ɗaya rabin mun bar shi sai mun ga yadda hanya za ta kasance.