Tsatsar Bututu da Tsatsar Zuciya



Wata asuba cikin hunturun Ingila na tarar ɗakin jaririyarmu ya yi sanyi ƙarara. Gidan yana da babban tanki mai ajiye zafi: tukunyar gas ke dafa ruwansa, famfo ya tura shi zuwa faifan ƙarfen da ke bangon kowane ɗaki. Na duba, tankin na nan a digiri 75, amma faifan ɗakinta sama ɗumi, ƙasa sanyi. Da iska ce ta shige shi, da saman ne zai huce, a fitar da ita da ɗan mabuɗi.

Mai gyara ya wanke bututun, sai ga baƙar laka, tsatsar shekaru. Ya zuba maganin hana tsatsa, ya ce a riƙa dubawa duk shekara.

Nan na tuna aya ta 14 a Suratul Muɗaffifina, wadda ta ambaci tsatsar da zunubi ke bari a zukata. Sau da yawa iliminmu na nan a ajiye, amma bai isa ga ayyukanmu. Kada mu jira sai zuciya ta toshe kafin mu yi istigfari.

Allah Ya wanke zukatanmu, amin.