Ƙaramin Jirgin Ƙasa Na Lantarki Da Abin Da Ke Tsai Da Shi

Muna so mu yi magana a kan abin da waɗansu za su ce bai kamaci malamin allo ba, watau ƙananan jiragen ƙasan nan na lantarki da 'yan'uwanmu mazauna Ingila ke aiko wa yara, ko a tsince su cikin kayan gwanjo. Sau da yawa jirgi yakan yi kwana uku yana gudu sa'an nan ya tsaya cik. Uba ya ce an cuce shi, yaro ya yi ta kuka, a jefa abin bayan ɗaki. Alhali galibin waɗanda ake kawo mana ba abin da ya same su sai dauɗa. Mutum ya sha sanyin Ingila kafin ya saya, zubar da shi kuwa almubazzaranci ne.

Ga yadda abin ke aiki. Wutar gidajenmu a Gana volt 230 ce. Akwatin taransifoma ke rage ta zuwa volt 12, ta bi dogo guda, ta shiga taya, ta hau wani siririn ƙarfe mai gogar bayan taya, ta kai ga injin, ta komo ta ɗaya dogon. Kamar igiyar guga ce, ko'ina ta tsinke ba ruwa. Amma fa a lura, akwatin da aka yi domin Amurka na volt 120 ne, in aka soka shi a bangonmu sai hayaƙi. Kada kuma a bar yaro ya buɗe akwatin nan, can ne wutar da ke kisa take.

Mu dai ba mu fara kwance kome ba sai mun san inda laifin yake. Mukan kife kan jirgin, mu ɗauki batir ɗan volt 9, mu taɓa bakinsa guda ga tayar dama, guda ga ta hagu. In tayoyi sun juya, to, injin lafiya lau, sai a koma ga dogo. A nan ne aikin yake. Ƙurar hunturu takan haɗu da mai ta zama baƙin danƙo a kan dogo da taya, damina kuma ta sa tsohon dogo na baƙin ƙarfe ya yi tsatsa. Tsumma da ɗan sifirit sun isa. Mun ga masu kankarewa da sanfefa, mu kam ba mu yarda da wannan ba, domin tsagar da take bari ita ke riƙe dauɗar gobe. In jirgi kullum wuri guda yake tsayawa, a duba mahaɗin dogo biyu a wurin, lalle ya saki, sai a matse shi kaɗan da filaya.

In kuwa batir bai motsa shi ba, sai a cire murfi. Za a ga gawayi biyu ƙanana suna gogar wani zoben jan ƙarfe mai tsaga-tsaga. Gawayin kan ƙare, garinsa kan cika tsagar, injin ya riƙa zafi yana wari. Tsinken sakace ke fid da shi, ba allura ba. Mai kuma ɗigo guda a bakin allura, na keken ɗinki, a kan gindin taya da haƙoran giya. Man gyaɗa da manja daskarewa suke yi, zoben jan ƙarfen kuwa ba ya son mai ko kaɗan.

Akwai wani rikici da ba na lalacewa ba ne. Kamfanin Meccano na birnin Libaful ya fito da jirgin Hornby Dublo a 1938, mai dogo uku, wutarsa ta dogon tsakiya take shiga. Sai a 1959 suka fara yin mai dogo biyu, a 1964 kuma masu Tri-ang suka saye kamfanin. Faɗin dogon duka ɗaya ne, milimita 16.5, shi ya sa dillali ke haɗa su a kwali guda. In aka ɗora mai dogo uku a kan dogo biyu, tayoyinsa sai su gama wutar, kome ya tsaya. Irin wannan tsohon jirgi kuma kada a zare masa mayen ƙarfe domin a wanke, ƙarfinsa raguwa yake yi, injin ya koma jan wuta da yawa har wayarsa ta ƙone.

Na zamani kuwa da yawa suna da ɗan allo a ciki, na tsarin da ake kira DCC. A wannan tsari wuta na kan dogo kullum, kowane kan jirgi da lambarsa, sai an kira shi da ita yake amsawa, kamar almajiri a tsakiyar tsangaya. Sabo da lamba 3 yake zuwa, amma na hannu mai shi na farko ya riga ya sāke ta, sai a ɗauka ya mutu alhali sunansa ne ba a sani ba. A yawancinsu in aka rubuta 8 a gurbin CV8 sai ya koma yadda aka ƙera shi. Jirgin da ba shi da allon nan kada a bar shi tsaye a kan dogon DCC, zai yi ta ƙugi har injin ya gasu.

Abu guda ne ya fi ƙarfinmu. Wani gangar jikin akan zuba shi da ƙarfen tutiya, in tun farko an gauraya shi da dalma sai bayan shekaru ya kumbura, ya tsattsage, ya ruɓe kamar busasshen tuwo. Wannan ba magani, sai a cire injin da tayoyi a ajiye domin wani.

Wanda ke da jirgin da ya tsaya, ya aiko yaro da shi makaranta ranar Alhamis da ba karatu, bayan la'asar, tare da akwatin wutarsa da dogonsa duka. Ba ma karɓar ko kwabo. Wassalam.