Sanyin Jos da Fararen Zannuwan Gado

Duk wanda zai je Jos a watan Disamba, shawara ɗaya ake ba shi: ya riƙe rigar sanyi mai kauri da safa. Shawarar tana kan hanya. Garin yana zaune ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma idan hunturu ya sauka, sanyin asuba kan sa mutum ya tsaya yana kallon buta kafin ya yanke shawarar fara alwala. Amma akwai wani abu da ba a cika faɗa wa matafiyi ba, wato yadda zai zauna lafiya da kayan shimfiɗar masaukinsa.

A 'yan shekarun nan gidajen hayar kwanaki, waɗanda matasa ke kira shotlet, sun yawaita a Jos kamar yadda suka yawaita a Abuja da Kaduna. Gida ne sukutum da falo da kicin da ɗakunan kwana, ka biya kuɗin kwana uku ko mako guda a miƙa maka makulli. Ga iyali ko ɗalibai masu yawa, ya fi otal sauƙi, tunda za a yi karo-karo kuma a dafa abinci a gida. Sai dai yana zuwa da sharaɗi. Ban da kuɗin haya, akwai kuɗin ajiya da ake karɓa tun farko, wanda ba za a mayar maka ba sai an zagaya gidan an ga ba ka lalata komai ba. Kuma kusan duk gidajen nan fararen zannuwa suke shimfiɗawa, fari ƙal irin wanda ɗigon shayi ɗaya ke tona wa asiri.

Mu shida muka tafi bayan an gama jarrabawar zangon farko: yayata da maigidanta, ni, ƙannenmu maza biyu, da ɗiyar gwaggonmu. Daga Kano muka bi ta Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, muka wuce Saminaka da Jengre. Tun daga nan iska ta fara canjawa, duwatsu suka fara bayyana an ɗora wani kan wani kamar da hannu aka jera su. Gidan da muka kama yana wajejen Rayfield, unguwar da ke da tafkin nan da asalinsa ramin haƙar kuza ne. Jos cike take da irin waɗannan ramuka da kamfanonin Turawa suka bari, ruwa ya cike su, wasu suka zama wurin shaƙatawa, wasu kuma manoman rani ke ban ruwa da su.

Wata dattijuwa ce mai kula da gidan, kowa Mama yake ce mata. Ta karɓi naira 20,000 kuɗin ajiya, ta zagaya da mu ɗaki-ɗaki. Yayata, wadda ba ta wasa da kuɗinta, ta ɗaga kowane zani, ta duba katifu ciki da bai, ta ɗauki hoton wani tsohon tabo da ta gani a gefen katifa ɗaya, a gaban Mama. Ni a lokacin na ga abin kamar ya yi yawa, amma Mama ko a jikinta. Cewa ta yi ta fi son baƙon da ya duba, domin shi ne ba a yin musu da shi ranar tafiya.

A dare na biyu ƙaninmu ɗan shekara 11 ya yi haɓo yana barci. Wannan ba baƙon abu ba ne a hunturu. Busasshiyar iska tana busar da fatar cikin hanci, ƙananan jijiyoyin jini su tsage, balle ga yaron da ya yini a waje yana shaƙar ƙura da sanyi. Kafin ya farka jini ya ɓata rigar filo, ya sauka kan zani. Yayata ta zaunar da shi, ta sa ya sunkuyar da kai gaba kaɗan, ta matse masa tattausan wurin hancin na kusan minti 10 ba saki. A gida an saba cewa yaro ya ɗaga kai sama, alhali hakan jinin yake turawa maƙogwaro.

Da jinin ya tsaya sai hankali ya koma kan gado. Yaron ya dubi zanin ya fashe da kuka, kuma ba ciwo ne ya sa shi kukan ba, ya ji ana maganar kuɗin ajiya tun ranar da muka iso. Ɗiyar gwaggonmu ta tashi da saurinta ta kunna hita, wai ruwan zafi ya fi fitar da datti. Hankalin kowa zai ba shi haka, musamman a garin da ruwan famfo ke sa yatsu su ƙandare. Yayata ta dakatar da ita. Jini yana ɗauke da furotin, kuma zafi yana dafa furotin kamar yadda yake dafa ƙwai. Ɗanyen ƙwai idan ya zuba a tsumma, ruwa kawai zai ɗauraye shi, amma da zarar ya dahu ya maƙale a zare sai dai kankara. Haka jini yake. Ruwan zafi, da dutsen guga, da injin busar da kaya, duk suna zaunar da tabon jini ne daram.

Saboda haka sanyin Jos da muke ta ƙorafi a kansa shi ya yi mana rana. Muka cire zanin da rigar filon, muka juya bayansu muka tara a bakin famfo, yadda ruwan zai tura jinin ya fita ta inda ya shiga. Ba mu dirza ba, domin dirzawa faɗaɗa tabo take yi, ta kuma cusa shi cikin zaren. Muka shafa sabulun wanki, muka murza a hankali, muka jiƙa a bokitin ruwan sanyi da ɗan gishiri har gari ya waye. Filon kansa ya ɗan sha, shi kuma ba mu tsoma shi a ruwa ba. Tsumma mai ɗan danshi muka riƙa dannawa muna ɗagawa, daga gefen tabon zuwa tsakiya.

Da safe aka yi 'yar muhawara. Tabon ya kusa ɓacewa, saura wata 'yar inuwa ruwan ƙasa. Ɗiyar gwaggonmu na ganin a shanya a bayan gida a mayar, ba wanda zai sani. Maigidan yayata ya ce kayan mutane ne, amana ce a hannunmu, kuma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Aka tura ni wurin Mama.

"Mama, ina kwana? Ya sanyi?"

"Lafiya lau, 'yata. Sanyi lokacinsa ne. Kun tashi lafiya?"

"Lafiya, Mama, sai dai ƙanina ya yi haɓo cikin dare, jini ya taɓa zani da filo. Mun ɗauraye da ruwan sanyi."

"Ayya! Yaron dai yana lafiya? To, Allah Ya sawwaƙe. Ba ku sa masa bilic ba ko?"

Na ce ba mu sa ba. Ta ce to magana ta ƙare. Ta kawo mana wani zanin, ta tafi da jiƙaƙƙen, ta kuma ce a riƙa shafa wa yaron ɗan basilin a cikin hanci kafin ya kwanta. Daga baya na ga yadda ta ƙarasa aikin. Ta ɗiga ruwan haidirojin, irin wanda ake sayarwa a kemis don wanke ciwo, a kan inuwar da ta rage. Wurin ya yi kumfa, ta ɗauraye, ta shanya a rana. Wannan ruwa na farin kaya ne, idan aka zuba a mai launi yana iya koɗar da shi.

Hirar da muka yi da ita a bakin igiyar shanya ta fi tsaya mini a rai fiye da wasu wuraren da muka ziyarta. A cewarta, tabo bai taɓa ba ta tsoro ba, tunda wanki aikinta ne kuma ta san gado wuri ne da mutum ke kwanciya da jikinsa. Abin da ke ba ta wahala shi ne abin da kunya ke sa baƙi su yi. Wani zai juya katifa ya kife tabon a ƙasa, ba za a gani ba sai wari ya tashi, soso ya yi fumfuna, wanda a damina da sanyin Jos ba ya ɗaukar kwanaki. Wani zai cusa zanin a bayan durowa. Wani zai saka shi a jakarsa ya tafi da shi, sai a wayi gari ana zargin yarinyar da ke shara da sata. Wani kuma zai sayo bilic ya tuttula ba tare da ya sirka ba, zanin ya yi rawaya ko ya ruɓe a wurin. Duk waɗannan sai an cire kuɗi, alhali da an yi magana da wuri, sabulu da ruwa sun isa.

Nan zan ɗan tsaya da 'yan uwana mata, domin Mama ta ce mafi yawan zannuwan da ake ɓoye mata na jinin al'ada ne. Tafiya da canjin wuri kan sa kwanakin mace su matsa gaba ko baya, abin ya zo ba shiri. Budurwar da ta je hutu da iyayenta ko ƙawayenta, ta farka ta ga farin zanin mutane ya ɓaci, za ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Na san wannan kunyar, da ita aka raine mu. Amma jinin al'ada da jinin haɓo wanki ɗaya ake yi musu: ruwan sanyi, sabulu, jiƙo, rana. Kuma ba dole ba ne a sanar da duk gidan. A mafi yawan wuraren nan akwai mace mai wanki ko shara, a ja ta gefe a ce mata zani ya ɓaci, ita ma mace ce, ba za ta nemi ƙarin bayani ba. Wadda take zaton kwanakinta sun kusa, ta sa zanin ɗaurawa mai duhu a jaka ta riƙa shimfiɗawa, bai fi nauyin littafi ɗaya ba. Masu tafiya da ƙananan yara su ma kada su bar ledar shimfiɗa a gida saboda fitsarin kwance. Idan kuwa ya riga ya sauka a katifa, a danne da busasshen tawul ya tsotse, a goge da ruwan sabulu kaɗan, a jingine ta inda iska da rana za su same ta. Kada a zuba bilic a kan fitsari, kuma kada a taɓa haɗa shi da ruwan wanke banɗaki, domin haɗin yana fitar da iska mai guba, ga ɗakunan Jos kullum tagoginsu a rufe.

Sauran tabon kowanne da halinsa. Manja da man miya ba sa jin ruwa zalla, sai a kwashe na sama da cokali, a barbaɗa hoda ko garin masara ya tsotse, sannan a sa sabulun ruwa na wanke kwanuka, kuma a nan ruwan ɗumi yana da amfani. Jan da manja ke bari rana tana cinye shi. Zoɓo da shayi a ɗauraye su nan take kafin su bushe. Tawadar biro, abokiyar ɗalibai masu karatu a kan gado, sifirit ko sanitaiza ke narkar da ita, a sa tsumma a ƙarƙashi ya riƙa karɓa. Gaskiyar magana dai, rabin waɗannan ba za su faru ba idan aka bar cin abinci a kan gado, amma wa zai iya fitowa daga bargo da ƙarfe shida na safe a Jos don kawai ya sha shayi a falo?

Ba zaman wanki muka je yi ba, mun zaga gari. Mun shiga gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, muka ga kawunan yumɓu na Nok da muka saba gani a littafin tarihi kawai. A gefensa akwai wurin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya na Najeriya, har da ganuwar Kano da masallacin Zariya, abin da ya ba ƙannena dariya, wai sun yi tafiyar awanni don su zo su ga badala. Mun hango tsaunukan Shere daga nesa, mun sha gwaten acca, mun ci dankalin Turawa har ya ishe mu. A kasuwar Farin Gada kuwa, kabeji da karas da latas tuli-tuli, farashin ya sa yayata ta cika but ɗin mota. Mun kuma sayi sitiroberi, wanda ake nomawa a ƙauyukan da ke kewaye da Jos, kuma yayata ta kafa doka cewa ba mai shiga ɗakin kwana da shi.

Dokar ba ta haɗa da lalle ba, sai ga shi ta nan aka samu matsala. Ana gobe za mu tafi, ɗiyar gwaggonmu ta je aka zana mata baƙin lalle, ta dawo ta goge hannu da farin tawul ɗin gidan kafin ya gama bushewa. Jan lalle na gargajiya yakan fita daga auduga idan aka yi saurin ɗaurayewa. Baƙin nan kuwa galibi da rinin gashi ake haɗa shi, kuma rini aikinsa ke nan, ya kama ya ƙi saki. Mun jiƙa, mun wanke, bai ko motsa ba. Wannan karon ba a yi muhawara ba, ita da kanta ta ɗauki tawul ɗin ta kai wa Mama tun da daddare.

Da safe Mama ta zagaya ɗakunan, ta ɗaga katifu, ta ƙirga zannuwa da rigunan filo. Zanin haɓon yana cikin waɗanda ta shimfiɗa a ɗakin da wasu baƙi za su shiga da yamma, na duba ban gane inda jinin ya taɓa ba. Ta kira mai gidan a waya ta gaya masa batun tawul, suka tsayar da naira 3,000, ta ƙirgo 17,000 ta miƙa wa yayata. Tawul ɗin kuma ta naɗe shi ta ba ɗiyar gwaggonmu, ta ce tunda an biya ya zama nata. A hanyar dawowa da shi muka rufe kwandon sitiroberi saboda ƙurar Falgore.