Tafkunan Uniyanga da Ma'aunin UNESCO

Daga Faya, a arewacin Chadi, muka miƙa arewa maso gabas, rairayi gaba rairayi baya, har mutum ya fara zargin direba da ɓatan kai. Kwatsam sai ga tafkin Yowan a gindin tudu, itatuwan dabino sun yi masa ƙawanya. Na kamfaci ruwan da tafin hannu na kai baki, nan take na tofar, gishiri ne zalla.

Tafkuna 18 ne a Uniyanga, rukuni biyu, inda ruwan sama bai kai milimita 2 a shekara ba. Daga ƙarƙashin ƙasa ruwan yake ɓuɓɓugowa, ajiyar zamanin da Sahara take kore shar. Rukuni na biyu yana wajen kilomita 40 daga Yowan. Can ciyawa ta lulluɓe saman ruwa kamar tabarma, rana ba ta shanye shi sosai, shi ya sa ake samun na daɗi, har da kifi. Kifi a tsakiyar hamada fa!

Wannan abin mamaki ne ya shigar da wurin jerin wuraren gado na duniya na UNESCO a 2012, na farko a Chadi. Sharuɗɗan shiga goma ne, huɗu daga ciki na halittar Allah: kyau na fitar hankali, tarihin samuwar ƙasa, yadda halittu ke rayuwa da juna, da mafakar dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa. Ɗaya ya wadatar, kuma da na kyau Uniyanga ta shiga.

Amma kyau kaɗai ba ya buɗe ƙofar. Bisa yarjejeniyar UNESCO ta 1972, ƙasa ce za ta kai sunan wurinta da kanta, ta shata iyaka, ta nuna dokar da ke kare shi da tsarin kula da shi. Masana daga ƙungiyar kiyaye halittu ta IUCN su zo su gani da ido, sannan kwamitin ƙasashe 21 ya yanke hukunci. A ganina nan ne gizo ke saƙar, domin UNESCO ba ta aiko masu gadi. Rairayin da ke gangarowa cikin tafkunan, mutanen garin da gwamnatinsu ne za su san yadda za su yi da shi.

Kuma sunan yakan fita. A 2007 aka cire gandun barewar Larabawa na ƙasar Oman daga jerin, bayan gwamnati ta zabtare kashi 90 cikin 100 na filin.