Hanya Miƙaƙƙiya a Ƙasar Ostareliya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in ba 'yan'uwa labarin hanyar Eyre ta Ostareliya ta Yamma. Tsakanin Balladonia da Caiguna ta miƙe sak mil 90, ba kwana, ba gari. Mai babur in ya daɗe riƙe da totur, hannunsa na dama ya kan mutu, alhali da shi zai kama birkin gaba.

Saboda haka waɗansu su kan sa wa babur na'urar riƙe gudu. Zuƙar iska da inji ke yi ita ke jan wani faifan roba, shi kuma ya ja wayar totur. Amma in iska ta taso daga gaba, ko aka hau tudu, totur ya buɗe sosai, sai zuƙar ta raunana, gudu ya faɗi. Maganinsa ƙaramin famfo mai aiki da batir, wanda ke zuƙar da kansa.

Sai dai a gwada tun daga gida. In an taɓa birki lalle na'urar ta saki nan take, gama kangaru kan ƙetare hanyar da magariba ba sallama.

Naka,
Wani Akawu