Daga Babban Giji Zuwa Kan Dutsen Wanale



A Babban Giji in aka ce mutum yana hutawa, an san inda za a same shi. Ko yana kan benci a majalisa bayan la'asar, ko wurin mai shayi da daddare, ko gidan kallon ƙwallo ranar da ake buga gasar Ingila. In sallah ta zo a kwashi yara a kai su Gidan Zu. Duk hutun namu na zaune ne, kuma na baki ne. Ba wanda zai ce maka ya gaji da aiki don haka zai je ya hau dutse. In ma ya faɗa, tambayar da za a yi masa ita ce me ya ajiye a can.

Da wannan tarbiyya muka tafi Uganda. Mun je ne a ƙarƙashin shirin TAC, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1987 don aika malamai da likitoci da sauran ƙwararru aikin sa-kai na shekara 2 a ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik. Mu huɗu ne 'yan Kano a ayarin, biyu daga Babban Giji, ɗaya daga Gyadi-Gyadi, ɗaya daga cikin gari. Aka tura mu koyarwa a Jami'ar Musulunci ta Uganda da ke garin Mbale, a gabashin ƙasar. Jami'ar ta fara aiki a 1988, kuma ƙanwa ce ga wadda ke Say a Jamhuriyar Nijar, domin a taron ƙasashen Musulmi na Lahore a 1974 aka yanke shawarar kafa su biyun.

In ka auna Mbale da Kano, gari ne ɗan madaidaici. Mai babur ɗin haya, wanda suke kira boda-boda, zai ratsa da kai tsakiyarsa kafin ka gama gaisawa da shi. Daga Litinin zuwa Juma'a ba mu da matsala, aji da ɗalibai sun cika mana rana. Asabar da Lahadi su ne masu nauyi. Wanda bai taɓa zama a ƙasar da ba a jin harshensa ba ba zai san tsawon yinin Asabar ba. Ba ɗaurin aure, ba suna, ba gaisuwar mutuwa, ba wanda zai yi sallama da kai a ƙofar gida. Sai muka kafa majalisa irin ta gida a barandar ɗayanmu, muna dafa shayi, muna lissafin canjin dala, muna bin labarin gida a waya. Kafin a yi wata 3 hirar ta ƙare, domin mutum huɗu ba su da labarin da zai kai shekara 2. Ɗaya daga cikinmu, wanda ya baro matarsa da jariri, ya fara maganar ajiye aikin ya koma.

Duk wannan zaman da muke yi, Wanale na tsaye a gabanmu. Dutse ne mai tsayi da ya tokare garin ta gabas, fuskarsa a miƙe kamar bango, in damina ta kankama sai ka hango ruwa yana zubowa daga samansa fari fat kamar an saki rawani. Tsayinsa ya haura mita 2,000 daga doron teku, kuma shi ɗin reshe ne kawai na babban dutsen Elgon da ke kan iyakar Uganda da Kenya, wanda mutanen wurin, Bagisu, ke kira Masaba. Wani ɗalibinmu ɗan yankin ne ya ce zai raka mu. Mun amsa ne don ba mu da abin yi.

Abin da muka fara koya shi ne ƙafar ɗan Kano ba ta san hawa ba. Mun saba da tafiyar fili, daga Court Road zuwa Unguwa Uku ba tudu ba gangare. A can kuwa, rabin sa'a ta farko ta isa ta nuna wa mutum yawan tuwon da ya ci a zaune. Hanyar jar laka ce mai santsi, tana bi ta cikin gonakin ayaba da gahawa, a wasu wurare sai an dafa dutse da hannu. Ɗalibin ya koya mana taku gajere, kada a yi gudu, kada a daɗe a zaune jiki ya yi sanyi, a riƙe sanda, a fita da sassafe domin ruwa ya fi sauka da rana tsaka ko da yamma. Sannu ba ta hana zuwa, a nan muka ga ma'anarta da ido. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6, don haka rigar da ta jiƙe da gumi a ƙasa ita za ta sa ka rawar ɗari a sama. Saukowa kuma ta fi hawa cin gwiwa.

Abu na biyu ya fi wannan girma. Mun zaci za mu tarar da daji, sai muka tarar da gari. A kan Wanale akwai gidaje da makarantu da gonakin albasa da karas da dankalin Turawa da kabeji. Hanyar da muke haki a kanta don nishaɗi ita ce hanyar kasuwar mutane. Mata suna wuce mu da gammo, nonon ayaba guda a ka, wata da goyo a baya, suna yi mana gaisuwarsu ta “mulembe”, wato zaman lafiya. Sun saba ganin Bature yana hawa ba dalili, amma baƙin mutum da hula, hannu rabbana, ya ɗaure musu kai. Wani dattijo ya sa aka tambaye mu ko albasa muka zo saye. Tun daga ranar, in muka tsaya gaban mai albasa a babbar kasuwar Mbale, mun san inda kayan suka fito da wuyan da ya ɗauko su, kuma bakin Bakano ba ya iya tayawa kamar da.

Mun kuma gane cewa dutsen da ke ciyar da su shi ne ke cinye su. Ƙasar tana da albarka ƙwarai domin tsohon dutse ne mai aman wuta, shi ya sa mutane suka cunkushe a jikinsa suna sare itatuwa suna noma har inda ya yi tsaye. In ruwa ya yi yawa sai ƙasar ta zame. A watan Maris na 2010 zaftarewar ƙasa a gundumar Bududa, maƙwabciyar Mbale, ta binne gidaje da mutane masu yawa. Wanda ya taka irin wannan laka da ƙafarsa ba zai sake jin labarin a rediyo kamar labarin nesa ba.

Daga nan Asabar ta samu aiki. Muka je Sipi a gundumar Kapchorwa, inda ruwa ke faɗowa hawa 3, mafi tsayinsu kusan mita 100. Yankin ne ya haifi Stephen Kiprotich da ya ci zinare a gudun fanfalaki a gasar Olamfik ta Landan a 2012, da Joshua Cheptegei da ya kafa tarihin duniya a gudun mita 5,000 da 10,000 a 2020. In ka ga hanyar da yaran wurin ke bi zuwa makaranta, ba za ka yi mamaki ba. Kafin wa'adinmu ya cika muka tara kuɗi muka hau Wagagai, ƙololuwar Elgon, mai mita 4,321, ta hanyar Sasa da ke tashi daga Budadiri. Tafiyar kwana 4 ce, da jami'in gandun daji da 'yan dako, ana kwana a sanyin da ke sa alwala ta zama jarabawa. Don a kwatanta, dutse mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Abokinmu mai shirin komawa bai sake ta da maganar ba. Kewar iyalinsa tana nan, amma ya samu abin jira a kowane mako, ya kuma samu abin faɗa wa matarsa a waya ban da “lafiya lau”.

Ga inda zancen ya shafe mu a matsayin masu son rubutu. Da muka zauna za mu rubuta abin da muka gani, sai muka ga kalmomin suna nan a Hausa, ajiye kawai aka yi. Akwai tudu da hayi da tsauni, akwai gangare da kwari da kwazazzabo, akwai fa da falalen dutse da kogo, akwai hazo da raɓa da yayyafi. Kowace da aikinta, ba a musanya su. Amma ɗauki littattafanmu na yanzu ka duba: labari yakan tashi daga falo ya shiga mota, daga mota zuwa filin jirgi, a ce an sauka Dubai, mai karatu bai ji ƙasa a ƙarƙashin ƙafar kowa ba. Wurin da marubuci bai taka ba yana tona masa asiri ta ƙananan abubuwa. Misali ɗaya: a Mbale alƙibla tana arewa ne, ta ɗan karkata gabas kaɗan. Wanda ya kai tauraronsa can ya rubuta cewa ya fuskanci gabas ya ta da salla, ya juya shi ga dutsen Wanale ke nan.

Ba sai an samu shirin gwamnati ko tikitin jirgi ba. Dala na nan a tsakiyar birni, inda tarihin Kano ya fara, inda Barbushe ke hawa wurin Tsumburbura, kuma daga Babban Giji kuɗin adaidaita sahu ne kawai. Mutum nawa ne a cikinmu suka rubuta sunan Dala a waƙa ko labari ba su taɓa tsayawa a kansa sun kalli rufin gidajen birni da hasumiyoyin babban masallaci ba? Ga Gwauron Dutse, ga Fanisau, ga duwatsun Rano, ga Kufena a Zariya. Na nesa da gari a fara tambayar lafiyar hanya, a tafi da ɗan gari, a nemi izinin masu wurin. A ɗauki ruwa da takalmi mai riƙe ƙasa da ɗan littafin rubutu. A gaishe da duk wanda aka tarar, a tambaye shi sunan wurin da abin da yake yi a can, domin kusan kowane dutse wurin aikin wani ne.

Wanda ya samu dama a wannan mako ya hau wanda ya fi kusa da shi, ya rubuta mana shafi ɗaya a kan abin da ƙafarsa ta taka da abin da idonsa ya gani, ba tare da ya ce wurin yana da kyau ba. In ya iya sa mu ji hakin, ya fara rubutu.

Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su amfani jama'a.